Da Wane Agogo Aka Auna?

Duk wanda aka taɓa aika niƙa yana yaro ya san lissafin lokaci iri biyu ne. Inna tana ƙirga tun daga sa'ar da ka fita ƙofar gida da kwano a ka har ka dawo, ta ce ka yi awa biyu. Mai injin kuwa, in da za a tambaye shi, cewa zai yi geronku bai wuce minti biyar a bakin injinsa ba. Sauran lokacin ya tafi a hanya, da layi, da jiran a maido da kuran, da tsayawa kallon ƴan ƙwallo. Inna ba ta yi ƙarya ba, mai injin ma bai yi ba. Abu biyu daban suke aunawa.

Irin wannan rabuwar tana nan cikin kwamfuta, kuma a kanta nake son in yi magana, musamman da ƴan ƙungiyarmu ta masu koyon Python da ke haɗuwa ran Asabar. Na ga abin ya kusa raba mu da mutum guda mai ƙwazo, ba gaira ba dalili.

Ga waɗanda ba sa zuwa: ƙarshen kowane wata muna yin ƴar gasa. A ba da aiki guda, kowa ya rubuta furogaram ɗinsa, wanda nasa ya fi sauri ya ci. Kyautar ba wata tsiya ba ce, katin waya ne na jikka biyu da muke tarawa tsakaninmu. Amma ana rubuta sunaye a tablo daga na ɗaya har na ƙarshe, kuma sunan yana kwana a can har mako ya zagayo. Dokar da muka gada daga waɗanda suka fara ƙungiyar ita ce, ka sa time.time() a layin farko, ka sake sa shi a layin ƙarshe, ka ɗebe na farko daga na biyu, ka gudanar a kan kwamfutarka, ka faɗi lambar da ta fito.

Akwai wata ƴar'uwarmu ƴar Tawa da ta zo ta ƙarshe wata uku a jere. Kwamfutarta tsohuwa ce, ta yayanta, irin wadda ake kunnawa a je a yi alwala a dawo ba ta gama tashi ba. A wata na uku aikin shi ne a karanto lambobi 500 daga fayil, a jera su daga ƙarami zuwa babba ba tare da an kira sorted() ba, a buga su ɗaya-ɗaya a kan allo. Da aka gama rubuta sunaye ta naɗe cajarta ta ce mini: "Walle ni na gaji. Kowane wata ni ce ta baya. Wataƙila wanga karatu ba nawa ba ne."

Na roƙe ta ta bar ni in karanta abin da ta rubuta. Dabarar raba-biyu ta yi amfani da ita: a tsaga jerin gida biyu, a jera kowane ɓangare, a haɗe su. Wanda ya zo na ɗaya kuwa ya bi hanyar da kowa ke fara koya, ta kwatanta kowace lamba da maƙwabciyarta ana musanya, a yi ta zagayawa har jerin ya daidaita. Wannan lissafi ko da bik da takarda ana iya yin sa. A kan lambobi 500, hanyarsa tana iya cin kwatanci har 124,750. Tata ba ta kai 4,500 ba. Duk da haka shi ne a saman tablo, ita a ƙasa.

To me ya faru? Agogon da muka ɗauka ne. Shi time.time() agogon bango ne kawai: yana faɗa maka sakan nawa suka wuce tun ranar 1 ga Janairu 1970. Bai san furogaram ɗinka ba, bai damu da ko yana aiki ko yana zaune ba. Lissafin inna ke nan. A kwamfutar ƴar'uwarmu, jera lambobin bai ɗauki ko ƙiftawar ido ba. Lokacin ya tafi ne wajen jiran tsohon faifai ya juyo ya miƙo fayil, antibirus ya gama shinshina shi, sannan taga ta zana layi 500 ɗaya bayan ɗaya. Wata uku muna auna faifan yayanta muna cewa kanta muke aunawa.

Kuma shi agogon bangon nan ana iya taɓa shi. Masu tsofaffin kwamfutoci sun san yadda ƙaramin batirin ciki ke mutuwa, ka kunna ka tarar kwanan wata ya koma shekaru baya, sai ka hau intanet ya gyara kansa. In gyaran ya faɗo a tsakiyar awonka, kana iya samun furogaram ya yi shekaru yana gudana, ko ma ya gama kafin ya fara. Shi ya sa ko lokacin bangon kake so, time.perf_counter() ya kamata ka kira, don shi ba ya komawa baya.

Agogo na biyu sai an ɗan leƙa cikin gidan kafin a gane shi. Furosesa, wato ƙwaƙwalwar da ke yin lissafin, ba naka ba ne kai kaɗai. Duk sa'ar da kwamfuta ke kunne akwai ayyuka da yawa da ke gudana, wasu kai ka buɗe su, wasu ko sunansu ba ka taɓa ji ba. Babbar manhajar da ke riƙe da gidan, Windows ce ko Linux, ita ke raba musu lokaci: ta ba wannan ɗan guntu na ƴan milisakan, ta karɓe, ta ba wancan. Saurin juyin ne ke sa mu ga kamar duk tare suke tafiya. Tana kuma riƙe da littafi irin na mai kanti, kowane aiki da shafinsa, ana rubuta masa iya lokacin da ya zauna a kan furosesa. Shafin ma kashi biyu ne. Akwai lokacin da furogaram ke lissafinsa da kansa, akwai lokacin da babbar manhaja ke yi masa hidima, kamar buɗe fayil ko ba shi wuri a ma'ajiya. Mai Linux yana iya ganin wannan da idonsa: in ya rubuta time gaban sunan furogaram, zai ga layi uku, real da user da sys. Na farkon agogon bango ne, biyun ƙarshe su ne littafin mai kanti. A Python, time.process_time() jimillar waɗannan biyun yake ba ka. In furogaram yana barci, ko yana jiran faifai, ko yana jiran ka danna wani abu, wannan agogon a tsaye yake.

Kada ku ɗauki maganata, gwajin layi biyar ne:

import time
a = time.perf_counter()
b = time.process_time()
time.sleep(2)
print(time.perf_counter() - a, time.process_time() - b)

Lamba ta farko za ta fito 2 da ɗan ɗigo, ta biyu kusan sifili. Ku cire barcin, ku sa zagayen da ke ta tara lambobi har sakan biyu, sai ku ga lambobin biyu sun matso kusa da juna. Ku lura kuma, lambar da process_time() ke bayarwa ita kaɗai ba ta da ma'ana, sai an ɗebe wata daga wata.

Ba mu kaɗai wannan abu ya taɓa rikitawa ba, kuma wannan ya ɗan sanyaya mini rai. A tsofaffin takardun darasi da ke yawo hannunmu, waɗanda aka yi wa fotokofi har baƙin ya koma toka, za ku ga time.clock(). Wannan suna guda ne mai fuska biyu: a Linux lokacin furosesa yake bayarwa, a Windows lokacin bango. Mutum biyu su gudanar da layi ɗaya, su yi ta gardama, alhali ba abu ɗaya suka auna ba. Abin gado ne daga harshen C, inda clock() na Microsoft shi ma lokacin bango yake ƙirgawa. Masu kula da Python sun zauna a kan matsalar cikin wata takardar shawara mai lamba PEP 418, wadda Victor Stinner na cikin marubutanta. Daga nan Python 3.3 ya fito a 2012 da perf_counter da process_time, kowanne da aikinsa a fili, aka ce a daina amfani da tsohon. A Python 3.8, shekarar 2019, aka cire shi gaba ɗaya. In ka kwafi darasi ka ga kwamfuta ta ce ba ta san time.clock ba, dalilin ke nan, ba kai ba ne.

Na kai wannan bayani gaban ƙungiya, aka yarda a gwada process_time() a zama na gaba. Nan ne abin dariya ya fito. Wani abokinmu ya miƙe yana tafi, wai furogaram ɗinsa ya ci 0.0. Ba lokaci sam. Na kusa da shi ya sami 0.015625, wani ma 0.015625, wani 0.03125. Mutum biyu masu furogaram daban-daban, lamba ɗaya har ɗigo na shida? Na 0.0 ɗin ya sake gudanarwa don ya nuna mana, sai ga 0.015625 ta fito masa shi ma. Ya zauna.

Lambar nan ba tsautsayi ba ce, ɗaya bisa 64 ce. A yadda aka saba, Windows sau 64 a sakan take leƙowa ta rubuta littafinta. Duk aikin da bai kai tsawon leƙe guda ba, ko dai a rubuta masa sifili, ko a ɗora masa leƙen gaba ɗaya, ya danganta da inda ƙafarsa ta faɗa. Kamar ka ce za ka auna gishirin miya da tiya ne: ko ka ce babu, ko ka ce tiya guda. A Linux awon ya fi wannan laushi nesa ba kusa ba, amma yawancinmu Windows muke da ita. Maganin shi ne a ƙara girman aikin, ko a maimaita shi sau ɗaruruwa a raba, har lokacin da ake aunawa ya kai sakan ɗaya ko biyu, yadda milisakan 15 ba za su sauya hukunci ba. Python yana da timeit da aka yi don wannan, kuma ana iya ce masa ya yi amfani da lokacin furosesa. Akwai wata shawara a bayaninsa da na daɗe ina juyawa a raina: in ka maimaita awo sau da yawa, ka dubi mafi ƙanƙanta, kada ka ɗauki matsakaici. Da farko na ji kamar son kai ne, kamar ɗalibi ya zaɓi jarrabawar da ya fi ci ya ce ita ce shi. Amma da hujjarsu. Ba abin da zai sa furogaram ya yi saurin da ya wuce ƙarfinsa, abubuwan da ke sa shi jinkiri kuwa ba su ƙirguwa. Lambobin da suka fi girma labarin hayaniyar gidan suke bayarwa.

Sai kuma abin da ba a cika rubutawa a littattafan da aka yi a ƙasashen sanyi ba. Lokacin furosesa lokaci ne, ba yawan aiki ba. Furosesa ba ya gudu da sauri ɗaya kullum. In ya yi zafi, da kansa yake rage gudu don kada ya ƙone. Ku tuna ɗakinmu na Asabar a watan Afrilu ko Mayu, zafin Maraɗi ya haura 40, rufin kwano, fankar cikin kwamfuta ta sha ƙurar hunturu ta toshe. Furogaram guda, kwamfuta guda, awon safe daban, na azahar daban. Haka in an ɗauke kuran kwamfuta ta koma kan batir, da yawa suna rage gudu don su adana caji. Wanda ya gudanar da nasa kafin a ɗauke wuta da wanda ya gudanar bayan an ɗauke ba fili ɗaya suka yi tsere ba. Kuma ko an kawar da duk wannan, furosesan shekara goma da ta wuce ba zai kamo na bana ba. Wato process_time() ya cire mana layi da jira, amma bai cire bambancin mai sabuwa da mai tsohuwa ba. Wannan sai dai a gudanar da na kowa a kan kwamfuta ɗaya.

Akwai ma ƙofar maguɗi, gara in faɗe ta da kaina kafin wani ya gano ta a ɓoye. Kwamfutocin yanzu suna da zuciya biyu, huɗu, takwas. In aiki ya rabu a kansu, lissafin gayya ake yi: mutum goma suka yi noman awa guda, rana ta ga awa ɗaya, gona ta sha awa goma. Don haka lokacin furosesa yana iya fin na bango, kuma ba kuskure ba ne. Amma in furogaram ɗinka ya haifi wani furogaram ya miƙa masa aikin, kamar yadda multiprocessing ke yi, process_time() na uban ba ya ƙirga wahalar ɗan. Sai mutum ya zo da lamba ƴar ƙarama yana murmushi, alhali ƴaƴa ne suka yi noman. A Linux os.times() yana nuna lokacin ƴaƴan bayan sun gama. A Windows wannan gurbin sifili yake nunawa.

Abin da ya fi burge ni cikin duk binciken nan shi ne yadda masu Python suke gwada agogon kansa, don ai shi ma rubuta shi aka yi, yana iya yin kuskure. Lambobinsu a buɗe suke, kowa na iya karantawa. Gwajin nasu kusan irin namu ne na sama: su sa furogaram barcin milisakan 100, sannan su duba lokacin furosesa. Ba su ce sai ya zama sifili ba. Cewa suka yi kada ya kai milisakan 20, kuma sun bar wannan sarari ne saboda leƙen Windows ɗin nan. Mutanen da suka rubuta abin da hannunsu ba su yarda su ce daidai yake da kaza ba, iyaka kawai suka sa. Mu kuwa muna tsaye gaban tablo muna raba na ɗaya da na biyu a kan ɗigo na uku. Gwada ɗaya gefen ya fi wuya. In ka ce furogaram ya yi aikin sakan guda, dole lokacin furosesa ya kai kusan sakan, to ranar da kwamfutar ke cike da wasu ayyuka ba zai sami rabonsa ba, gwajin ya faɗi alhali ba abin da ya lalace. Gwajin da ke faɗuwa yau ya ci gobe ba tare da an taɓa komai ba, ƙarshenta mutane daina kula shi suke yi, ranar da ya faɗi da gaskiya ma ba mai waiwaya.

Ni a ganina akwai awon da ya fi duk waɗannan adalci ga irinmu, kuma ba ya bukatar sabuwar kwamfuta. Kada ka tambayi sakan nawa. Ka auna da lambobi 10,000, ka sake aunawa da 20,000, ka raba na biyu da na farko. Hanyar maƙwabta za ta tashi daga kwatanci 49,995,000 zuwa 199,990,000, wato lokacinta ya ninka huɗu. Hanyar raba-biyu za ta ninka biyu da ɗan kai. Wannan rabon ba ruwansa da ko kwamfutarka ta Dubai ce ko ta yayanka, don jinkirin injin yana sama yana ƙasa, ya cinye kansa. Mun gwada a tsohuwar kwamfutar ƴar Tawa. Nata ya gama 20,000 kafin ta ɗauke hannu daga madannai. Na gwanin namu kuwa, sai da muka sayo ruwan sanyi muka dawo. Ba ta ce komai ba, ta dai buɗe kayenta ta rubuta lambobin biyu, ta ja layi a ƙarƙashi.

Shi gwanin bai yarda an kayar da shi haka nan ba, kuma maganar da ya kawo tana da nauyi. Ya ce: "To, ai wanda zai yi amfani da furogaram ba ruwanshi da littafin mai kanti. In tsohuwa ta je karɓar kuɗin da ɗanta ya aiko ta waya, ta tsaya minti uku a rana, za ka ce mata lokacin furosesa milisakan goma ne?" Gaskiyarsa. In tambayar ita ce mutum nawa zai jira, agogon bango ne alƙali, kuma jiran faifai da na intanet duk cikin lissafi suke. Har ma tazarar da ke tsakanin agogon biyu ita ke nuna maka inda za ka sa hannu: in na bango ya yi nisa na furosesa na baya, gyaran dabarar lissafi ba zai ƙara maka komai ba, jira ne ke cin ka. Amma gasarmu ba wannan take tambaya ba. Mun ce muna son mu ga wa ya fi iya tsara dabara, kuma sunan mutum muke rubutawa a tablo, ba sunan faifansa ba.

Abin da nake roƙon ƙungiya ta duba kafin gasar wata mai zuwa ke nan. A ɗauki kwamfuta ɗaya a gudanar da na kowa a kanta, tana jone da wuta, da safe kafin ɗakin ya ɗauki zafi. A auna sashen lissafin kaɗai, a bar karanta fayil da bugawa a waje. A maimaita sau biyar a ɗauki mafi ƙanƙanta, a rubuta agogon biyu gefe da gefe. Waɗanda tazararsu ba ta kai milisakan 20 ba a ce sun yi kunnen doki, su raba katin. In an ɗauke kuran a tsakiya, a dakata.

Saura maganar kwamfutar wa za a ɗauka. Gwanin ya ce a ɗauki tasa, tunda ta fi sauri, a gama da wuri. Ƴar Tawa ta ce a'a, a ɗauki tata, don a kan mai jinkiri ne bambanci ke fitowa ƙuru-ƙuru, leƙen Windows ma ba ya ɓoye komai. Ni ina bayanta. Sai dai cajarta sai an naɗa mata roba an danne da littafi take kamawa, don haka duk mai irin ta, mai siririn baki, ya taimaka ya zo da ita ran Asabar.